Baba, sunanka bai fito ba

Akwai wani dattijo a layinmu nan Katsina ta wajen Ƙofar Marusa, ba zan faɗi sunanshi ba dan nasan ba zai so ba. Shekara fiye da 40 yayi yana dako a kasuwa, tun ana ɗaukar buhu a ka har aka koma baro, ya ɗauki gero ya ɗauki gyaɗa ya ɗauki siminti, yanzun gwiwa ta ƙi baya ya ƙi ido ma ya fara hazo. Ranar da jikinshi ya tsaya ranar samunshi ya tsaya, ba fansho ba garatuti ba komi, dan shi dako ba'a rubuta sunan mai yinshi a wani ofis. Da azumin da ya wuce akace za'a raba abinci a mazaɓarmu, ni na ɗauke shi bisa mashin tun bayan asuba, muka isko layi har ya zagaye katanga, ya tsaya da azumi a bakinshi har rana ta take, da aka zo kanshi wani yaro sa'ar jikanshi ya duba takarda sama da ƙasa yace Baba sunanka bai fito ba. Bai yi gardama ba, yace toh Allah yasa hakan shi yafi alheri, ya juyo. Muna hanya ina ta faɗa ni kaɗai, sai ya dafa kafaɗata yace ɗana bari, dama ai ba bashi nike binsu ba.

Wannan maganar ta tsaya mani a rai har yau, dan ni a ganina bashi yake binsu, kuma bashi mai nauyi. Abinda ya sa na zauna rubuta wannan kenan. An daɗe ana koya mamu cewa duk abinda ya fito daga hannun gwamnati zuwa hannun talaka alfarma ce, tallafi ne, kyauta ce ta mai girma wane, har mun yarda, har tsoho da ya ƙarar da ƙarfinshi a kasuwar garin nan yana ganin in an bashi tiya biyu ta shinkafa an kyauta, in an hana shi ba'a yi laifi ba. Ni nace mutum ya kwana da sanin gobe akwai abinda zai sa a baki, in ciwo ya kama ɗiyarshi ba sai ya saida akuya ba, in tsufa ya zo ba zai koma bara a bakin masallaci ba, wannan hakkin ɗan ƙasa ne kamar yadda ƙuri'arshi take hakkinshi.

Kuma ba ni na ƙirƙiro maganar ba, tana nan rubuce cikin kundin tsarin mulkin 1999 wanda shugaban ƙasa da gwamna da sanata ke rantsuwar za su kare. Sashe na 14 yace tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 16 ya zayyano su ɗaya bayan ɗaya, muhalli mai kyau, abinci wadatacce, albashi mafi ƙaranci da mutum zai iya rayuwa da shi, kula da tsofaffi da fansho, taimakon wanda ya rasa aiki da wanda ciwo ya kwantar da kuma masu lalurar nakasa, kuma aka ce ga duk ƴan ƙasa, ba'a ce ma'aikatan gwamnati kaɗai ba, ba'a ce ƴan jam'iyya ba. A Maris 2023 ma Buhari kafin ya sauka ya sa hannu a gyaran da ya ƙara maganar hakkin samun abinci a wannan wurin. Toh ina matsalar take? Tana cikin sashe na 6, wani ɗan ƙaramin saƙo da ya ce kotu ba ta da hurumin sauraren ƙara kan ko gwamnati ta cika abinda ke cikin babi na 2, wato babin da duk waɗannan alkawurran suke. Tun kundin 1979 aka tsara shi haka. In ɗan sanda ya tsare ka ba bisa ƙa'ida ba kana iya ɗaukar lauya, in an hana ka faɗin ra'ayinka kana iya zuwa gaban alƙali, amma in ɗiyanka sun kwana uku ba'a ɗora tukunya ba babu kotun da za ta tambayi kowa komi. An rubuta maka alkawari sannan aka rubuta a gefe cewa ba za ka iya binshi ba.

Mu nan Katsina ba sai an yi mamu dogon bayani kan menene rashin tabbas na abin masarufi ba, cikinshi muke. A Agustan 2019 aka rufe boda, wanda duk ya san Jibia da Kwangwalam da kasuwar Mai'aduwa ya san mutum nawa ke cin abinci ta wannan hanyar, daga direba zuwa ɗan kamasho zuwa mai tuwo-tuwo a tasha, aka wayi gari kawai an ce a tsaya. Ba'a gama farfaɗowa ba aka zo canjin kuɗi farkon 2023, mutum da kuɗinshi a banki yana kwana layin ATM, ƴan ƙauye suna karyar da hatsi da dabba dan su samu takardar kuɗi a hannu. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Watanni biyu bayan nan sojoji suka yi juyin mulki a Nijar aka sake garƙame bodar har zuwa Maris 2024. Tsadar abinci a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga da kanta tace ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ni ba gardama nike ba kan ko waɗannan matakan daidai ne ko kuskure, wannan wata magana ce daban kuma masana sun yi ta. Abinda nike cewa duk lokacin da aka yanke irin wannan hukuncin a Abuja, ƙasa babu wani abu da aka shimfiɗa da zai tare wanda zai faɗo, kowa ya faɗo da ƙashinshi yake faɗowa.

Ga kuma babbar masifar, ta daji. Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Jibia, nan ne rumbun jihar, nan ake noma masara da dawa da gero da ake ci har birni. Manomi da gonarshi gado tun kaka da kakanni ya koma ba ya iya zuwa, ko sai ya biya kuɗi kafin ya shuka ya sake biya kafin ya girbe, in an ɗauki mutum ɗaya a gida a saida shanun huɗa a saida gona a biya fansa, gidan da ke ciyar da mutum 30 a dare ɗaya ya koma gidan masu neman a basu. Ku duba matan da ke zaune bakin titi da kangaye a cikin birnin nan da yara a goye, yawancinsu ba mabarata bane tun asali, matan gida ne masu rumbu masu awaki, jiya-jiya su ke ba da sadaka. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta faɗa cewa a watanni shida na farkon 2025 yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Wannan waɗanda aka samu aka kai asibiti kenan. Jihar noma, jihar da ta fidda shugaban ƙasa har biyu. Wallahi duk sanda na tuna adadin nan sai abinci ya fita raina.

Allah da kanshi a Suratu Ƙuraish da zai tuna wa mutanen Makka ni'imarshi abu biyu ya haɗa, ya ciyar da su daga yunwa kuma ya amintar da su daga tsoro. Tun muna allo muka haddace ta. Abin biyu tare suke tafiya, shi yasa nike mamakin masu ganin tsaro na bindiga ne kaɗai, a sayo motoci a ɗauki dakaru shikenan. Ana buƙatar wannan ƙwarai, ba na raina shi, yaran da ke cikin rundunar tsaron al'umma da aka kafa a 2023 da yawansu sun ba da ransu. Amma saurayin da ya tashi ba gona ba makaranta ba sana'a ba wanda ya san da zamanshi, wanda ya miƙo mashi dubu biyar yace faɗa mani gidan wane, me muka tanada da zai riƙe shi?

Nasan abinda wasu za su ce, dan an sha faɗa mani a majalisa. Na farko arziki na Allah ne, talauci ƙaddara ce, gwamnati ba ta azurta kowa. Gaskiya ne Allah ke azurtawa, amma addinin da ya koya mamu haka shi ne ya wajabta zakka ya kuma lissafa kashi takwas na masu cinta a Suratut Tauba, faƙirai da miskinai a farko, kuma Alƙur'ani hakki ya kira rabon mai roƙo da wanda ya rasa a cikin dukiyar mai dukiya, bai ce alfarma ba. Sayyadina Umar ya kafa diwani aka rubuta sunayen mutane ana basu rabonsu daga baitulmali har jarirai, a shekarar yunwa da ake kira shekarar toka ya hana kanshi nama da mai har sai jama'a sun samu. Malamai suna kawo labarin da ya ga wani tsoho wanda ba musulmi bane yana bara, ya kama hannunshi ya sa aka yanka mashi rabo daga baitulmali, yana cewa ba'a yi mashi adalci ba in aka ci ƙuruciyarshi aka yar da shi da tsufa. Duk sanda na ji wannan labarin a wa'azi dattijon layinmu nike gani. Toh wanda zai kawo mani ƙaddara ya fara kawo mani wannan tukuna.

Na biyu sai a ce in ka saba ba mutane kuɗi za su zama cima-zaune. Wanda ke faɗin haka ina ganin bai taɓa tsayawa ya kalli wanda ake magana a kai ba. Mai ga-ruwa da ke tura kura da jarka goma sha biyu cikin zafin Afrilu, matar da ke tashi ƙarfe huɗu tana suyar ƙosai, yaron da ke tafiya cin rani Legas ko Fatakwal yana kwana ƙarƙashin gada, waɗannan ne malalatan? Aiki suke kamar su mutu, abinda suka rasa shi ne tabbas, ciwo ɗaya ko gobara ɗaya ko damina ɗaya da ta ƙi sai su koma sifili. Kuma wanda ya san ko ya faɗi akwai abinda zai tare shi shi ke iya ƙoƙarin buɗe sana'a, wanda ya san in jarin ya karye yaranshi za su kwana da yunwa ba zai taɓa gwada komi ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙarfi, wai ina kuɗin. Ba zan yi ƙarya ince ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 za ta iya ɗaukar nauyin kowa gobe da safe ba. Amma tunda aka cire tallafin mai kason da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai, gwamnonin da kansu suna faɗa. Kuma ƙasashen da suka yi abin nan ba jira suka yi sai sun zama Ingila ba. Lesotho ƴar ƙaramar ƙasa ce matalauciya, tun 2004 take biyan tsofaffi ƴan shekara 70 fansho duk wata ko da basu taɓa aikin gwamnati ba. Zanzibar, musulmi ƴan uwanmu, sun fara irin wannan a 2016. Barazil a 2003 ta fara biyan gidaje matalauta kuɗi duk wata, yawanci da sunan uwa, da sharaɗin yara na zuwa makaranta ana masu rigakafi, zuwa 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ta daga jerin ƙasashen da ke fama da yunwa. Wanda yafi burge ni shi ne na Indiya a 2005, doka suka yi cewa kowane gida a karkara yana da hakkin aikin kwana 100 a shekara da lada, ka je ka nema, in kwana 15 ya wuce ba'a baka ba sai a biya ka alawus. Ka duba wannan ka duba rani a ƙasar Katsina da Daura, wata bakwai majiya ƙarfi na zaune ko sun bar gida, ga dam ɗin Zobe ga na Jibia ga Sabke ga Daberam, ga hanyoyin ruwa da suka cushe ga zaizayar ƙasa ga hamada na matsowa ana neman mai dasa itace. Aikin yana nan masu yi suna nan.

Mu ma ai an gwada, kada a ce ban faɗa ba. An yi N-Power daga 2016 ana ba matasa dubu 30 a wata, an yi Tradermoni na dubu 10, an yi na dubu biyar-biyar ga gidaje, an yi ciyar da ƴan firamare, gwamnatin Tinubu ma tace dubu 25 sau uku ga gidaje miliyan 15. Na san mutanen da suka amfana kuma ba zan ce banza bane, akwai wadda na sani da kuɗin nan ta sayi tunkiya har ta hayayyafa. Amma duk ciwonsu ɗaya. Ba ka san ranar da zai fara ba, ba ka san ranar da zai tsaya ba, ba ka san yadda aka yi sunan wane ya shiga naka bai shiga ba, in alat ya daina shigowa babu ƙofar da za ka buga. A Janairun 2024 da aka dakatar da ministar jin ƙai kan zargin kuɗi sai aka tsaida shirye-shiryen gaba ɗaya na wani lokaci, laifin manya amma tukunyar talaka aka sauke. Abinda aka baka dan an ga dama ana iya ɗauke shi ranar da aka ga dama, shi yasa yake yawaita gab da zaɓe ya ɓace bayan rantsuwa.

Kuma rabon nan na layi yana cin mutunci, a faɗi gaskiya. A tara mata da tsofaffi cikin rana, a jira mai girma ya iso, a ɗora wa tsohuwa ƙullin shinkafa a ka a ce ta kalli kyamara, gobe hotonta na yawo a Facebook jikokinta na gani. Wani lokacin ma rai ake rasawa, a Disambar 2024 cikin mako guda mutum sama da 60 suka mutu a turmutsitsin rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija, na Ibadan yawanci yara ne. Ma'aikaci in wata ya ƙare ba ya layi ba ya godiya ga kowa ba'a ɗaukarshi hoto, albashinshi ne ya shigo. Haka nike so tsoho ya karɓi nashi. Ko da yake shi ma ma'aikacin ba wai ya tsira bane, dubu 70 ɗin albashi mafi ƙaranci da aka sa wa hannu a Yulin 2024 a ƙarshen 2024 ɗin ba ta sayen buhun shinkafa ɗaya.

Da can muna da namu tsarin, ban manta ba. Gandu, gayya, rumbun tsimi da ba'a taɓawa sai an shiga uku, ciyayya tsakanin maƙwabta, adashe, ɗan uwa mai hali da ke riƙe gida biyar. Har yanzun shi ke riƙe da mu, in ba dan zumunci ba da abin ya wuce haka. Amma wannan tsarin yana aiki ne in mutum ɗaya ya faɗi tara na tsaye. In gari duka ya tashi, in mai bayarwar shi ma nema yake, wa zai riƙe wa? Kakanninmu sun ga haka a yunwar Kakalaba ta 1914, sun gani a farin 1973. Kuma yanzun ƙasa ce ke karɓar harajin, duk katin waya da ka saya da kuɗin tikitin kasuwa da na tasha akwai rabonta a ciki, dattijon nan shekara 40 ana yankar mashi ta nan ta can. Wanda ya karɓi kuɗin shi ya karɓi nauyin.

Masu cewa ba za'a taɓa canzawa ba su tambayi iyayensu labarin haraji da jangali. Shekara da shekaru talaka na gudu daji in an fara karɓa, ana ɗaure magidanci a rana gaban iyalinshi, kowa na ganin haka duniya take. Su Malam Aminu Kano suka yi ta faɗa tun zamanin NEPU ana ɗaure su ana dukansu, a 1979 Balarabe Musa ya hau gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, lokacin Katsina da Daura na cikinta, ya soke su, Abubakar Rimi ma ya soke a Kano. Rana ɗaya abin da ake gani kamar dutse ya kau, dan wasu sun ƙi yarda cewa alfarma ce a bar talaka ya sha iska.

Ni abinda nike nema bai kai wannan wahala ba. A cire takunkumin nan na sashe na 6 ko da kan abinci da lafiya da kula da tsofaffi ne kaɗai, yadda lauya zai iya tsayawa gaban alƙali da sunan matan da aka koro daga Batsari. Kafin Abuja ta motsa majalisar dokokin jiha ba abinda ya hana ta yin doka, doka nace ba shiri ba, cewa duk ɗan jihar da ya kai shekara kaza yana da kaza duk wata, ko kaɗan ne a fara, a sa shi cikin kasafi yadda gwamna mai zuwa ba zai iya tsaida shi da baki ba. A liƙa sunaye a ƙofar mai unguwa kowa ya gani, wanda aka tsallake ya san ofishin da zai je da kwanakin da dole a bashi amsa. Masu zuwa neman ƙuri'a a 2027 da atamfa da taliya, mu karɓa in mun ga dama, amma a tambaye su wannan a gaban jama'a, za ka kai ƙudirin ko ba za ka kai ba.

Dattijon dai yana nan, maƙwabta ke haɗa mashi abinda ya samu, wani ya kawo koko da safe wani tuwo da dare, ranar da gidajen suka kwana babu shi ma haka. Satin da ya wuce aka ce an buɗe sabuwar rijista, na je na yi mashi fotokwafin katin ɗan ƙasa na cike fom ɗin, da na kai mashi ya dangwala hannu sai da ya tambaye ni sau biyu ko ba zai zama ya takura wa mutane ba. Ranar Litinin zan sake ɗaukarshi mu je.